Makon jiya babu ko sisi a asusun

Da daminar 2022, cikin watan Satumba, na yi kwana tara a ɗakin yara na wani babban asibitin gwamnati a nan Kano, ina jinyar ɗana na uku. Lokacin shekararsa uku da 'yan watanni. Zazzaɓin ya fara ne ranar Talata kamar wasa, muka ba shi maganin da muka saba, jikin ya ɗan lafa. Daren Alhamis sai ga shi yana jijjiga a hannuna, idanunsa sun kakkafe. Da muka isa, likitan da ke aikin dare bai tsaya dogon tambaya ba. Fatar ƙasan idonsa ya ja da ɗan yatsa, ya buɗe tafin hannunsa ya duba, fari fat kamar takarda. Ya ce, "Hajiya, jininsa ya yi ƙasa sosai. Ina babansa?"

A daren baban yara ya ba da jini leda ɗaya. Aka ƙara wa yaron jini, aka yi masa allurar zazzaɓin cizon sauro ta jijiya, gab da asuba ya buɗe ido ya ce zai sha ruwa. Alhamdu lillahi, yanzu haka yana firamare, ya fi kowa gudu a gidan.

Wadda ta sa ni wannan rubutu maƙwabciyar gadona ce. Yarinya ce ɗanya, da ƙyar in ta haura ashirin, daga wani ƙauye a bayan Wudil, tana jinyar 'yarta mai shekara biyu. Ciwonsu ɗaya da ɗana. Kwana ɗaya da yini ina lura da ita: ana zuwa a yi wa yaran gadaje allura, a zo kanta a yi magana ƙasa-ƙasa a wuce. Ba ta kuka, ba ta roƙon kowa, ko kunun da na miƙa mata sai da na yi da gaske ta karɓa. Can da dare na ce, "Baiwar Allah, har yanzu ba a kawo maganin ba ne?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, babanta ya tafi gida nemowa." Sai ta kwance bakin mayafinta ta nuna mini takardar da likita ya rubuta, an ninke ta huɗu, gumi har ya fara cinye rubutun. Mijin ya koma ƙauye ne ya sayar da akuya, kuma sai ya jira ranar kasuwa.

Na zazzage jakata, abin da ya rage bai kai rabin kuɗin ba, don mu ma a daren farko muka kashe na hannunmu. Na je na sami sistar da ke aiki na gaya mata. Ta ce sun sani, allurar farko ma a cikin ɗan abin da suke ajiyewa don gaggawa suka yi mata, kuma ya ƙare. Da gari ya waye ta karɓi takardar da kanta ta kai wani ɗan ƙaramin ofis da na sha wucewa ta ƙofarsa ban taɓa ɗaga kai na karanta abin da aka rubuta a kai ba. Kafin azahar magani ya zo, an kuma biya kuɗin gwajin jini. Da metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta zo zagaye ta tsaya a kan yarinyar ta ce, "Allah ya yi da sauran shan ruwanta a gaba. Yau akwai kuɗi a asusun. Makon jiya babu ko sisi."

Wannan magana ta ƙarshe har yau ba ta bar ni ba. Makon jiya ma ai akwai wadda ta kwana a kan wannan gadon da takarda ƙulle a bakin mayafi.

Ofishin nan shi ne na kula da marasa galihu, wanda ma'aikata ke kira soshiyal welfeya. Manyan asibitocin gwamnati suna da irinsa. Aikinsu su binciki halin majinyacin da aka ce ba shi da hali, su tabbatar, sannan su nema masa sassauci ko su biya masa daga asusun da masu alheri ke zuba wa kuɗi. Ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye kuwa galibi kwamitin mutanen gari ne ke tsaya musu. Na zauna da ma'aikaciyar ofishin bayan an sallame mu, na tambaye ta mene ne ya fi damun su. Na zaci za ta ce ƙarancin masu bayarwa. Sai ta ce masu bayarwa akwai su, lokacin bayarwar ne bai dace da lokacin buƙata ba.

Da ta yi mini bayani sai na ga abin a fili. Da azumi asibiti cika yake da alheri: buhunan shinkafa, dabino, kunu da ƙosai da yamma, wani attajiri ya aiko a biya wa mutum hamsin kuɗin magani. Ban raina ko ɗaya ba, Allah ya saka musu. To amma daga 2023 zuwa 2025 azumi ya faɗo ne a wajajen Maris, kuma kowace shekara ƙara ja baya yake da kwana goma ko sha ɗaya. Shi kuwa zazzaɓin cizon sauro daga Agusta zuwa Oktoba yake cika ɗakunan yara, har a kwantar da yara biyu a gado ɗaya. Lokacin ne kuma talakan ƙauye ya fi shiga matsi: rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai shigo ba, ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi ga taki da 'yan ƙwadago. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Najeriya suke, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya fi kashewa. A ƙasar nan kuma sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Idan aljihun babu komai ranar da ciwo ya zo, sai a sayar da akuya, akuya kuma sai ranar kasuwa.

Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da na koya a shekarun nan game da taimakon asibiti, a cikin wannan karin magana yake. Kuɗin da ya ceci 'yar maƙwabciyata ba a ranar aka tara shi ba. Wani ne ya ajiye shi tun kafin ya san da ita.

Da na koma gida na kai maganar wurin matan da muke adashi tare, 'yan islamiyyarmu ta matan aure. Mu sha huɗu ne a lokacin, zubin mako-mako. Muka yarda duk ranar zubi kowa ta ɗora naira 500 a kan nata, uwar adashi ta ware shi daban. A wata yana kama naira 28,000. Wata daga cikinmu ta ce wannan ai ko aikin tiyata ɗaya ba zai biya ba. Gaskiyarta. Amma ma'aikaciyar ofishin ta ce mana abin da ya fi yawa a teburinta ƙananan takardu ne: allura uku, gwajin jini, ledar ƙarin ruwa, kanula (ɗan bututun da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa da allura), kuɗin buɗe kati. Ta kuma ce kuɗin da ta san zai zo ranar ɗaya ga kowane wata ya fi mata amfani a kan mai yawa da ba ta san ranar zuwansa ba, don da shi take iya ce wa mai kantin maganin asibiti, "Ba ta, zan biya." Yanzu mun kai mu talatin da ɗaya, har da maƙwabta da ba sa cikin adashin, muna kai naira 62,000 a wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, naira ta faɗi, magani ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin ba ya sayen abin da yake saye da. Mun yi shawarar ƙarawa, amma muka ga gara ɗari biyar ɗin da kowa za ta iya ɗorewa a kai da dubu biyun da za a yi wata uku a gaji.

Ba ma ba majinyaci kuɗi a hannu, sai na mota da na abinci. Wannan ba don muna zargin kowa ba ne. Mai jinya da yunwa ta ci shi, ga yara a gida, ga bashi, idan ka damƙa masa kuɗin magani ka ɗora masa jarrabawar da bai kamata ka ɗora masa ba. Muna biya a asusun asibiti, a ba mu rasit. Ƙarshen wata ofishin ya ba mu jerin lambobin katin waɗanda aka biya wa da abin da aka saya, babu suna. Mata uku ke sa hannu a littafinmu, kuma ana karanta shi a gaban kowa bayan an tashi daga karatu. Duk wanda zai ba wata ƙungiya ko wani ofis amanar kuɗinsa, ya nemi a nuna masa lissafi irin wannan. Masu gaskiya ba sa jin haushin tambaya, murna ma suke yi. Inda aka fara kame-kame kuwa, a canza ƙofa, amma kada a daina bayarwa.

Sai maganar jini, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai, don shi ba a sayo shi a kemis, ba a kuma haɗa shi a masana'anta. Daren da aka kwantar da ɗana, da baban yara ya yi tafiya ban san yadda za mu yi ba. Yawancin jinin da ake ƙarawa a asibitocinmu daga dangin majinyaci yake fitowa, a ba ka leda ka kawo wanda zai mayar, ko kuma daga masu sayar da jininsu don talauci. Masu zuwa da kansu su bayar fi sabilillahi, ba don wani nasu yana kwance ba, su ne mafi ƙaranci, alhali jininsu ne masana suka ce ya fi aminci, domin ba su da dalilin ɓoye wata lalura idan an tambaye su. To ita matar da ta haihu jini ya ɓalle mata da ƙarfe biyun dare fa? Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan, kuma yana iya gamawa da mace cikin 'yan sa'o'i. Babu lokacin buga waya ƙauye a taso ƙanin miji. Haka masu sikila, da ake haihuwar kimanin 150,000 duk shekara a Najeriya, wasunsu ƙarin jini ya zame musu abokin rayuwa. Haka waɗanda suka yi haɗari a hanya. Duk waɗannan ledar da ta riga su isa firji ce ke cetonsu.

Na san tsoron da ke zukatan mutane, don ni ma na taso da shi. Ana cewa jini in ya fita ba ya dawowa, ana cewa mutum zai rame, ana cewa sayar da shi ake yi. Abin da ake ɗiba kimanin mililita 450 ne, bai kai rabin lita ba, a jikin da ke ɗauke da wajen lita biyar. Ruwan jinin yana komawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyinsa kuma cikin 'yan makonni. Ana karɓa daga mai shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, namiji duk bayan wata uku, mace duk bayan wata huɗu, ban da mai ciki da mai shayarwa. Kafin a ɗiba sai an auna hawan jini an kuma soki ɗan yatsa an ga ko jinin ya isa. Bayan an ɗiba ana gwada shi don cutar ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu, da tunjere. Ledar da ake zubawa da kayan waɗannan gwaje-gwaje duk kuɗi ne, shi ya sa ake cajin majinyaci ko da jinin kyauta aka bayar, shi ya sa kuma biyan kuɗin gwajin leda ɗaya sadaka ce mai zaman kanta ga wanda ba zai iya ba da jini ba.

Ni kaina zuwana na farko mayar da ni aka yi, aka ce jinina bai kai ba, abin da ke samun mata da yawa ba su sani ba. Aka rubuta mini maganin ƙarin jini, na dage da zogale da wake da hanta, bayan wata huɗu na koma aka karɓa. Kwanciyar ba ta fi minti goma ba. Na sha lemo na huta, na hau adaidaita sahu na dawo gida na ɗora tukunya.

Abu ɗaya da ban sani ba sai da ma'aikacin ɗakin jini ya faɗa mini: jini ba ya ajiyuwa da daɗewa. A firji, a sanyin da ya dace, kimanin mako biyar yake yi. Don haka gangamin rana ɗaya, irin wanda ake yi ranar 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, yana da kyau amma ba ya riƙe shekara. Jinin Yuni ba zai kai Satumba ba. Da azumi kuma masu bayarwa raguwa suke, alhali haihuwa da haɗari ba sa hutu. Wanda ke da niyya ya tambayi ɗakin jini ko suna karɓa bayan shan ruwa. Abin da mazajenmu da samarin unguwa suka yi shi ne suka buɗe zaure a WhatsApp, kowa da rukunin jininsa da ranar da ya bayar na ƙarshe. Mutum uku ko huɗu ke zuwa duk wata bi da bi. Masu rukunin negatif, wato jinin da ake sa wa alamar ragi (-), kaɗan ne ƙwarai a cikinmu, biyu kacal muke da su, su an ce su riƙa jira sai an kira.

Masu hali da suka ji abin da muke yi sukan tambaya ko za su iya ba da zakkarsu. Mun kai tambayar wurin malaminmu. Ya karanto mana aya ta 60 a Suratut Tauba, inda aka lissafa mutum takwas da ake ba zakka, ya ce majinyacin da ya rasa kuɗin magani yana cikin faƙirai da miskinai, wanda kuma bashin asibiti ya danne yana cikin masu bashi. Amma ya ja mana kunne cewa a mazhabarmu ta Malikiyya zakka haƙƙin mutum ce, ba a gina ɗaki ko a sayi janareta da ita. Shi ya sa littafinmu shafi biyu ne, na zakka daban, na sadaka daban. Shafin sadaka kuwa babu iyaka a kansa. A ɗakin da na yi jinya akwai wata mata daga Sabon Gari da ta kwana tana yi wa ɗana fifita lokacin da barci ya sace ni, kuma ciwo bai tambayi addinin ɗanta ba kafin ya kama shi. Wanda zakkarsa ta yi kauri, ɗaya bisa arba'in na dukiyar kasuwanci ba ƙaramin abu ba ne, yana iya ware wani kaso ya ce na majinyata ne, ko ta ofishin asibiti ko ta Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a Kano tun 2003.

Hubusin nan, wato waƙafi, shi ne abin da nake ganin mun yi sakaci da shi. Lokacin da Sayyidina Umar ya sami gona a Khaibar ya nemi shawarar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, aka ce masa ya riƙe asalin ya yi sadaka da amfanin. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa mutanen Madina. A Alƙahira, a shekarar 1284, Sarki Ƙalawun ya gina asibiti ya kuma tsayar masa da dukiyar waƙafi da ke ciyar da shi, ana duba mai kuɗi da talaka kyauta. Mu ma muna da masu irin wannan zuciya. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda tun 2002, akwai cibiyar wankin ƙoda mai sunan Alhassan Ɗantata, wadda marigayi Alhaji Aminu Ɗantata ya bayar. Allah ya jiƙansa. Sai dai gini da na'ura suna cin abinci kullum: man janareta, kayan gyara, kayan aikin da ake yarwa bayan kowane majinyaci. Wanda ba zai iya gina ɗaki ba, zai iya tsayar da shago ɗaya a kasuwa ya rubuta a gaban shaidu cewa kuɗin hayarsa na asusun marasa galihu ne har abada. Ko adaidaita sahu ɗaya, abin da direba ke kawowa kullum ya tafi can. Da attajirai goma a kowace unguwa za su yi haka, da metiron ba ta sake cewa makon jiya babu.

Kayan hannu kuwa a yi tambaya kafin a saya. Zuwanmu na farko mun cika buhu da sabulu da omo, aka karɓa da godiya, sannan sista ta ce a ranar abin da ya yanke musu shi ne kanula ta yara da safar hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga nan sai mun buga waya an karanto mana. Ragowar maganin gida kuma kada a kai, ba a san yadda aka ajiye shi ba. Mai sana'a yana iya ba da hannunsa: mai gyaran famfo ɗaya a unguwarmu ya gyara famfunan banɗakin masu jinya a yini guda, tela ta ɗinka zannuwan gado, wani ɗalibi yana zuwa duk Asabar ya raka tsofaffi daga wurin yankan kati zuwa ɗakin gwaji, don asibiti gari ne guda ga wanda bai iya karatun boko ba. Duk wannan da izinin hukumar asibitin ake yi.

A tuna da mai jinya. Shi kowa ke mantawa, don ba shi ne a kan gado ba. Tabarma a baranda, sauro, ruwan sama, kuma shi ne na ƙarshe da zai ci. Na ga uwa mai shayarwa ta wuni da ƙullin gyaɗa ɗaya. Kwanon tuwo da miya da aka dafa a gida aka kai da ɗumi, a ce "Sannu, ya mai jiki?", wallahi yana tsayar da zuciyar da ta kusa karyewa. Gaida mara lafiya haƙƙi ne da addini ya ɗora mana, amma mun taƙaita shi ga namu, muna tsallake gadon da babu ko takalmi ɗaya a gabansa. Kuɗin mota ma haka. A Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da yi wa mata marasa hali tiyatar haihuwa kyauta, aikin yoyon fitsari ma a cibiyoyi irin na Babbar Ruga a Katsina kyauta ake yi, amma mace sai ta iso tukuna, sai ta ci abinci a kwanakin da za ta yi, sai ta koma, sai kuma ta dawo ranar da likita ya ce. Da yawa a nan ake rasa su. Akwai kuma wanda nasa ya cika, ya tsaya a bakin ɗaki ba shi da kuɗin likkafani balle na motar da za ta kai gawa gida. Sau biyu muka biya irin wannan. Ba na son tuna fuskar dattijon farko.

Ina da roƙo ɗaya da nake yi da babbar murya: a bar waya a jaka. Ina ganin hotunan a Facebook da TikTok, mace a kwance ba ɗankwali, an ɗora mata ambulan a ƙirji an ce ta kalli kyamara ta yi godiya. Ba za ta iya cewa a'a ba, buƙata ta ɗaure mata baki. Gobe za ta warke ta koma cikin dangin miji da kishiyoyi da maƙwabta, hoton kuma yana nan. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa. Na yarda bayyana alheri yana jawo wasu su yi, kuma masu tara kuɗin jama'a dole su nuna inda ya tafi. To a nuna rasit, a nuna katan ɗin magani, a nuna famfon da aka gyara. Maƙwabciyata da ta yi kwana da yini ba ta buɗe baki ba, rufin asirinta ne kaɗai dukiyar da ta zo da ita asibiti. Neman taimakon da ake yaɗawa a intanet kuwa, akwai na gaskiya da yawa, akwai na ƙarya. Zuwa da kai ya fi aike: a je ɗakin a gani, ko a nemi lambar katin majinyaci a biya a asusun asibitin.

Wani ɗan uwana ya ce da ni duk wannan aikin gwamnati ne, muna ɗauke mata nauyi. Ban musa masa ba. A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya kuwa ko rabin haka ba ta saba kaiwa ba. Dokar lafiya ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun masu rauni, Kano ma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya da aka yi wa doka tun 2016. Duk haƙƙinmu ne, mu tambaye shi a wurin duk wanda ya zo neman ƙuri'a. Har ma yana cikin taimako ka kama hannun wata bazawara mai marayu ka raka ta ta yi rajista, ko ka biya wa iyali ɗaya kuɗin shekara. Amma takardar da ke ƙulle a bakin mayafi ba za ta jira kasafin baɗi ba.

Mijin maƙwabciyar tawa ya dawo a rana ta uku, da kuɗin akuya a aljihun 'yar shara. Ya tarar 'yarsa tana zaune tana shan koko. Da aka ce masa an biya, ya daɗe a tsaye bai ce komai ba, sannan ya tambaya wa zai yi wa godiya. Sista ta ce ita ma ba ta san su ba. Ranar da aka sallame su matar ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, Allah ya bar zumunci," ko sunan ƙauyen ban riƙe daidai ba, ban kuma sake ganinta ba.

Asabar mai zuwa ne zuwanmu na wannan wata. Jiya da daddare sista ta karanto mini ta waya: kanula ta yara, famfas na manya, gidan sauro shida don baranda, da mutum huɗu masu jini rukunin O. Baban yara wata ukunsa sun cika tun makon jiya, saura mutum uku.